Kada Mu Ƙone Ƙyallen Da Zai Rufe Wani

Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da muke sharewa kullum mu kai juji, watau ƙyallayen ɗinki da tsofaffin zannuwanmu.

Abin da ya jawo wannan magana shi ne, a sanyin bara na je Kankiya karɓar ɗinki, sai na tarar yaron tela ya cika buhu da ƙyallaye, ya kai bayan shago ya cinna musu wuta. Akwai atamfa, akwai shadda, akwai yadin maza, dukansu sababbi fil, ko ruwa ba su taɓa gani ba. Na tambayi maigidansa dalili, sai ya ce, "To Hajiya, me za a yi da su? Wuri kawai suke tare mana." Da na komo gida Kaikai bayan magariba, na bi ta wata makarantar allo, na ga yara sun kewaye wutar kara, kowa ya cusa hannuwa cikin riga yana kaɗuwa. Na san in wutar nan ta mutu, da yawansu babu abin rufa sai rigar da ke jikinsu. Tun daga ranar abin yake damuna, domin abin da aka ƙone da rana, da an haɗa shi, da ya rufe yaro biyu ko uku da dare.

Ra'ayina shi ne, ya kamata kowace mace mai allura da zare ta koyi haɗa bargon ƙyalle, ta riƙa ba da shi kyauta ga nata, ta kuma yi sadaka da shi ga mabukata. Ba sai mai kuɗi ba, ba kuma sai mai keken ɗinki ba.

Kowa ya san sanyin ƙasar Katsina. Daga Disamba zuwa Janairu, idan hunturu ya kankama, ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 15 da asuba, ga iska mai ƙura tana shiga ta kowace kafa. Masu ƙarfi sa jure, amma jariri da tsoho da majinyaci su ne ke shan wuya, tari da mura da ciwon haƙarƙari su yi ta bin su. Wanda ba shi da abin rufa kuwa, sai ya shiga da kaskon wuta ɗaki ya rufe ƙofa. Daga nan ne ake samun gobara, ko hayaƙin gawayi ya shaƙe mutum yana barci. Ashe ke nan bargo ba abin wasa ba ne a wannan lokaci.

Kakanninmu ba su jira ɗan kasuwa ya kawo musu abin rufa ba. Mace ta gurje audugarta, ta shiɓe, ta zauna da mazari tana kaɗi har zare ya taru, ta ba masaƙi ya saƙo gwado ko luru. Tsohuwa kuma ga gadonta na ƙasa wanda ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya bi ta Kusada a 1851 a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Kano, ya kuwa ba da labarin cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar Kano har Timbuktu da Tarabulus ake kai su. Zaren wannan ciniki duka hannun mata ne ya kaɗa shi. Daga baya masaƙun zamani suka zo, aka buɗe ta Kaduna a 1957, muka ajiye mazari. Ita ma masaƙar an rufe ta a 2002. Yanzu mun koma sai gwanjo da bargunan da ake shigo da su daga waje, in babu kuɗi babu rufa. Ban ce mu koma kaɗi ba, amma dai allura ba ta fi ƙarfinmu ba.

Na san abin da wasu za su ce. Wata za ta ce, "Haba, ni in ɗauki tsumma in kai wa mutane? Ai sai a raina ni." To 'yar'uwa, bari in ba ki labari. A ƙasar Amurka, cikin jihar Alabama, akwai wani ƙauye da ake kira Gee's Bend, mazaunansa baƙar fata ne jikokin bayi. Talauci ne ya sa matan wurin suka riƙa yayyanka tsofaffin wandunan aikin mazansu da buhunan yadi suna haɗa barguna don 'ya'yansu. A 2002 aka baje waɗannan barguna a manyan gidajen nuna kayan fasaha na Houston da New York, a 2006 kuma gwamnatin ƙasar ta buga hotunansu a kan sarki na gidan waya. Haka nan a Bangladesh da gabashin Indiya, mata kan shimfiɗa tsofaffin zannuwansu kan juna su bi su da ɗinkin hannu, su sami abin rufa mai laushi da suke kira kanta, su ba jariri ko amarya. Babu mai ganin wannan abin kunya ne. Abin da ke jawo raini shi ne aikin ganin dama, da ƙazanta. Wanda aka wanke, aka tsara launukansa, aka ɗinke shi da kyau, ya tashi daga tsumma.

Wata kuma za ta ce ai bargo na nan a kasuwa, me ya sa za ta wahalar da idonta? Gaskiya ne, mai hali ta saya ta bayar, Allah ya saka mata. Amma mu duba yadda muke yi da gudummawar biki. Mace ta ci bashi, ko ta kwashe kuɗin adashinta, ta sayo abin da mutum goma suka riga suka kawo irinsa, don kada a ce ba ta yi ba. Bayan wata guda amarya ba ta ma tuna wa ya kawo wanne. Bargon da kika haɗa da hannunki kuwa, babu irinsa ko'ina. Ni kaina ina da wani ɗan ƙarami da kakata ta haɗa mini lokacin da zan tafi makarantar kwana, a ciki akwai guntun zanen da aka goye ni da shi, da na ɗankwalinta. Ta daɗe da rasuwa, amma duk sanda na ɗauko shi sai na yi mata addu'a. Wace kyauta ta kanti ce za ta yi wannan?

Ga yadda ake yi, ba wuya. Ki tara ƙyallaye na auduga zalla, irin su atamfa da shadda da yadi mai kauri. Ki guji leshi da yadin roba, domin in tartsatsin wuta ya taɓa su narkewa suke yi su manne a jiki. Ki wanke duka da sabulu da ruwan zafi, ki shanya a rana, ki goge. Sai ki yanki kwali mai kusurwa huɗu, inci 7 kowane gefe, ya zama ma'auninki, ki riƙa ɗora shi kan ƙyalle kina yanka. Idan an cire wurin ɗinki, kowane guntu zai tsaya a inci 6. Bargon yaro yana cin guntu 48, watau 6 a faɗi, 8 a tsawo. Na babba kuwa 140, watau 10 a faɗi, 14 a tsawo.

Kafin ki fara ɗinki, ki jera su a kan tabarma, mai duhu kusa da mai haske, har sai idonki ya gamsu. Ki haɗa su layi-layi, sa'an nan ki haɗa layukan. Wannan shi ne fuska. Sai ki shimfiɗa tsohon zane mai ƙwari a ƙasa ya zama shafi, ki sa wani zane ɗaya ko biyu a tsakiya don nauyi, ki ɗora fuskar a sama. Ki bi duka ukun da ɗinkin hannu tun daga tsakiya zuwa baki, tsakanin layi da layi kamar faɗin yatsu uku, don kada cikin ya tattare in an wanke. A ƙarshe ki yi kalmasa. Shi ke nan.

In kin ga aikin ya yi miki yawa, ai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mata 10 na unguwa ɗaya, ko na ajin Islamiyya ɗaya, in kowace ta haɗa guntu 14, fuskar bargon babba ta samu. Wadda ta saba ba za ta wuce hira biyu ba. Uwargida da amarya ma, maimakon zaman 'yan marina bayan an sauke tuwo, ga abin da zai haɗa kawunansu. A gaya wa maigida, ya yi wa telan unguwa magana ya riƙa ajiye ƙyallen, ba na jin zai ƙi.

Ku kuma 'yan makaranta, 'ya'yana, kada ku ce wannan aikin tsofaffi ne. Ku fara da na jariri a lokacin hutu, ku kai wa yayarku ko matar kawunku ranar suna. Ku roƙi malamarku ta ɗinki ta sa ajinku ya haɗa guda ɗaya kowane zango. Lissafin da kuke yi a allo, na awo da ninkawa, ga inda za ku ga amfaninsa.

Wa za a ba? Ki fara da na gida, kakarki ko surukarki da ke kwana ita kaɗai a ɗaki. Sa'an nan marayun unguwa, da almajiran da ke yi mana wanke-wanke da ɗebo ruwa, mu sallame su da ɗan tuwo ba mu taɓa tambayar inda suke kwana ba. Akwai masu jinya da ke kwana a barandar asibiti. Akwai kuma 'yan'uwanmu na wajen Batsari da Safana da Jibiya waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka raba da gidajensu tun daga wajen 2019, mata da yawa suka fito da goyo da zanen jikinsu kawai. Wanda ya rasa komai, in ya karɓi abin da ya ga an zauna an ɓata lokaci a kansa, ya san ba a manta da shi ba.

Sai dai ina jan kunnenmu da abu biyu. Kada ki ba wani abin da ke ba za ki yarda ki rufa wa ɗanki ba. Kuma in za ki bayar, ki bayar a asirce, ba sai an tara jama'a an ɗauki hoton mabukaci a waya an watsa wa duniya ba. Mutuncinsa ya fi bargon daraja.

To 'yan'uwa, da sanyin safiya ake kama fara. Kada mu bari sai hazo ya sauko mu fara neman almakashi. Yau ɗin nan ki buɗe akwatinki, ki fitar da zannuwan da kika shekara biyu ba ki ɗaura ba, ki sami buhu guda ki rataya a ɗaki don tara ƙyalle. In kowane gida a Kaikai da Kusada da Kankiya ya fitar da bargo ɗaya kafin Disamba, yaran da za su kwana cikin ɗumi ba kaɗan ba ne. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

Wadda ta gwada, ta rubuto mana yadda ta ƙare da shi, domin wasu su ƙaru. Allah ya ba mu ikon yi, amin.