Agogo Ba Ya Sauraron Labarai

Kusan duk mai hulɗa da jama'a ta waya ya san dabarar yanzu: ka rubuta saƙonka yau, ka sa masa rana da sa'a, na'ura ta sake shi kana barci ko kana kan hanyar Abuja. Facebook ya ba masu shafuka wannan dama tun 2012, Gmail ya kawo tasa a 2019. 'Yan kasuwa suna yi, ofisoshin 'yan siyasa suna yi, gidajen jaridu ma haka. Ni ma ina amfani da ita, kuma ba zan ce a daina ba. A ƙasar da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama, sabis ya ɗauke ba sallama, mutum ya samu dare guda ya tsara aikin mako, ai sauƙi ne babba. Abin da ke damuna shi ne halin da ya biyo baya: a danƙa wa agogo rubutu, a juya baya, a ɗauka an sauke nauyi.

Mai karatu bai san ranar da ka rubuta ba, kuma ba ruwansa. Lokacin da magana ta iso kunnensa, da shi zai auna ka.

A ranar 20 ga Yuli 2012, tsakar dare, wani ɗan bindiga ya shiga gidan sinima a garin Aurora na jihar Colorado a Amurka, ya kashe mutum 12, ya raunata gommai. Gari na wayewa, wani shafin Twitter na mujallar ƙungiyar masu bindiga, NRA, ya gaishe da maharba cikin fara'a, yana tambayarsu shirinsu na ƙarshen mako. Ta manhajar HootSuite, wadda ake tsara saƙonni da ita, aka aiko shi, kuma ƙungiyar ta ce wanda ya sa shi bai san abin da ya faru ba. An goge saƙon, amma iyayen da ke zarya tsakanin asibitoci suna neman 'ya'yansu ba su da buƙatar wannan bayani. Kalmomin nan da jiya ba su da laifi, da safiyar nan sun zama cin fuska.

Masu sauraron RFI za su iya tuna abin da ya faru a Nuwamba 2020, lokacin da gidan rediyon na Faransa ya saki tarihin rasuwar mutane kusan ɗari waɗanda ke raye a lokacin, ciki har da Sarauniya Elizabeth ta Ingila, da Pelé, da tsohon shugaban Senegal Abdoulaye Wade. RFI ta nemi afuwa, ta ce matsala ce ta auku wajen kwashe rubuce-rubucenta zuwa sabon tsari. Rubuta tarihin manyan mutane tun suna raye tsohuwar al'ada ce a aikin jarida, kuma ba na ganin aibu a cikinta, domin ranar rasuwa ba ranar bincike ba ce. Inda aka samu giɓi shi ne babu ɗan Adam a bakin ƙofa lokacin da rubutun ya fita.

Mu a nan ma mun fi kowa dalilin yin hattara, domin al'amuranmu da yawa ba sa bin kalanda. Da asubahin Asabar 16 ga Fabrairu 2019, saura 'yan sa'o'i a buɗe rumfuna, hukumar zaɓe ta INEC ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa zuwa 23 ga wata. Jama'a sun riga sun yi tafiya garuruwansu. Duk wanda ya tsara saƙon kira ga mutane su fito su jefa ƙuri'a a safiyar nan, ya kwanta, to ya tashi yana yaɗa abin da ba haka ba da sunansa.

Sai kuma Sallah. Azumi kwana 29 ne ko 30, kuma ba mai tabbas sai an duba wata, Sarkin Musulmi ya yi sanarwa. Wani lokaci Nijar ta riga Najeriya da kwana guda, ko mu riga su. Amma na sha ganin shaguna da ofisoshi suna yi wa mutane barka da Sallah alhali ana shirin sahur, saboda wani ya duba kalandar bango tun farkon wata ya sa rana. Wani zai ce ƙaramin abu ne. Ni ban ɗauke shi ƙarami ba. Gaisuwa amfaninta shi ne ta nuna ka tuna da mutum a wannan lokaci. Wadda ta fito a ranar da ba tata ba ta tona cewa ba kowa a wurin.

Wanda ya fi yi mini ciwo shi ne na ranakun makoki. Jirgin ruwa ya kife da 'yan kasuwa, ko 'yan bindiga sun afka wa ƙauye, ana haƙa kaburbura, sai ka ga shafin wani mai riƙe da muƙami ya fito da hotunan bikin zagayowar ranar haihuwa. Sau da yawa ba mugunta ba ce, tsarin makon jiya ne ke tafiya shi kaɗai. A unguwa, idan aka yi rasuwa, maƙwabcin da ke da biki yakan dakatar da kiɗa, wani ma ya ɗage taron, ba tare da an roƙe shi ba. Wannan kunya ita ce na'ura ba ta da ita, kuma ba za a iya sa mata ba.

Akwai yadda ake shiri tun da wuri ba tare da an saki linzami ba. A ranar 18 ga Yuli 1969, William Safire, mai rubuta wa Shugaba Nixon na Amurka jawabi, ya tanadi abin da shugaban zai faɗa idan 'yan sama jannati Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka maƙale a duniyar wata. Sun dawo lafiya ranar 24 ga wata, jawabin ya zauna a ajiye, ba a karanta shi ba. An yi rubutun kafin lokaci, amma hukuncin sakinsa ya tsaya a hannun mutum.

Haka nake so mu riƙa yi. Lokutan buɗe shago, bayanin shuka da taki, darasin karatu, waɗannan a tsara su, ba komai. Gaisuwar Sallah, ta'aziyya, barkwanci da duk abin da ya shafi siyasa, a rubuta a ajiye, a sake su da hannu. Ni kowace safiya sai na saurari labarai kafin in duba abin da ke jiran fita a ranar, kuma ba na tsara abin da ya wuce 'yan kwanaki.

Ga masu ɗaukar matasa aikin kula da shafukansu kuma, ina da roƙo. Yaron nan da kuke biya kuɗi kaɗan, ku saya masa data mai isarsa, ku kuma ba shi izini a fili ya dakatar da duk abin da aka tsara idan wani abu ya faru, ko da ƙarfe biyu na dare ne, ba sai ya jira maigida ya tashi ya ɗauki waya ba.