Jar fitila ba ta san oga ba

Kwanakin baya na raka wani abokina, hadimin wani babban jami'in gwamnati, daga Sakatariyar Tarayya zuwa filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe. Prado ce ta ofis. Mun wuce Lugbe kaɗan sai wata jar alama mai siffar buta ta bayyana a allon da ke bayan sitiyari. Direban ya kalle ta, ya saci kallon abokina, ya yi shiru. Da na tambaye shi, sai ya ce ƙasa-ƙasa, "Yallaɓai, ta baƙin mai ce, amma jirgin oga ƙarfe huɗu zai sauka." Abokina, da waya a kunne, cewa kawai ya yi a ƙara wuta. Da ƙyar na shawo kansa muka tsaya, muka tarar man na tsiyaya ta gindin filtar da ba a ɗaure da kyau ba a sabis ɗin ranar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wanda ya san ma'anar alamar ba shi da ikon tsayar da motar, wanda ke da ikon kuma bai san ma'anarta ba. Haka lamarin yake a yawancin motocin ofisoshin Abuja. Shi ya sa nake ganin karatun waɗannan fitilu ya fi zama dole ga hadimi da jami'in sufuri fiye da direba, wanda galibi ya riga ya sani, tsoron faɗa ne kawai ke rufe masa baki.

Karatun ba mai wuya ba ne, domin launi ke fara magana. Kore ko shuɗi na nufin wani abu na aiki, kamar sigina ko babbar fitila. Ruwan ɗorawa na nufin a kai mota a duba ba da jimawa ba. Ja kuwa na nufin a ɗauki mataki yanzu.

Waccan jar butar ita aka fi yi wa mummunar fahimta. Mutane na ɗauka cewa take yi mai ya ragu, a ƙara idan an isa. A mafi yawan motoci, abin da take nunawa shi ne ƙarfin da ke tura man zuwa sassan inji ya faɗi, ƙarfe ya kusa fara cin ƙarfe. Mintuna kaɗan sun isa inji ya buga, kuma kowa ya san abin da injin Prado ko Land Cruiser ke ci a kasuwa tun da naira ta faɗi. Jar alamar ma'aunin zafi ma haka take: a tsaya, a kashe, kada kowa ya buɗe murfin lagireto sai inji ya huce, domin ruwan da ke ciki na iya saɓule fatar fuska. A cunkoson Nyanya da Mararaba cikin zafin watan Maris ake yawan ganinta. Alamar batir kuma ba lallai laifin batir take faɗa ba. Tana nufin caji ya tsaya, wataƙila bel ya tsinke, kuma a injuna da yawa bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa, don haka zafi na tafe a bayanta. Idan jar alamar birki ta ƙi mutuwa bayan an sauke birkin hannu, a duba man birki kafin a ƙara ko taku ɗaya.

Inda muka fi yaudarar kanmu shi ne fitilar inji mai ruwan ɗorawa. Na sha ganin motocin ma'aikata, Highlander da RAV4 da Lexus 'yan Kwatano, da aka manna wa fitilar baƙin salatif don kada ta dami mai tuƙi. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka su zo da wata kafa, yawanci a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta karanto lambar matsalar. Yawancin jif-jif ɗinmu daga can suka fito. Amma abin da ake yawan yi a gareji shi ne a jona na'urar, a goge lambar, fitila ta mutu, a karɓi kuɗi, bayan kwana uku ta dawo. Ka nemi a rubuta maka lambar kafin a goge. P0420, alal misali, na nuni ga matatar hayaƙin da makanikai ke kira indomi, wadda sau da yawa an riga an cire ta an sayar. Idan kuwa fitilar walƙiya take yi ba tsayawa cak ba, inji na tsallake wuta ke nan, ɗanyen fetur na shiga salansa, sai a rage gudu a nemi wurin tsayawa. Waɗanda suka sha gurɓataccen fetur mai yawan methanol a Fabrairun 2022 ba su manta abin da mugun mai ke yi wa inji ba.

Jif na da nata alamun na daban. Idan 4LO na haske kana kan kwalta, motar na cikin giyar laka da yashi, kuma gudu da ita a haka na wahalar da giya. Masu dizal, kamar Hilux da wasu Prado, suna da alamar da ke nuna ruwa ya taru a filtar mai, a zubar da shi kafin ya kai ga injekta.

Za a ce mini ba ko'ina ake tsayawa ba, kuma gaskiya ne. Ba zan ce a kashe mota da magariba a dajin da ke tsakanin Abuja da Kaduna ba. Rai ya fi inji. Amma wannan hujja ce ta a duba mota tun tana harabar ofis. Duk lokacin da aka murɗa makulli, fitilun kan kunnu gaba ɗaya na 'yan daƙiƙu sannan su mutu. Wadda ta ƙi mutuwa na da magana. Wadda ba ta kunnu ba sam, musamman ta inji ko ta jakar iska, akwai yiwuwar an kashe ta da gangan, abin da duk mai shirin sayen mota 'yar Kwatano ya kamata ya sa wa ido.

Abin da nake nema daga sassan sufuri na ma'aikatu ƙarami ne: a ba direba izini a rubuce cewa idan jar fitila ta kama zai tsaya a wuri mafi kusa mai aminci, ko wa ke kujerar baya, kuma ba za a ba shi takardar tuhuma a kan haka ba. A ranar da nake ba da labari, ogan ya jira kusan awa ɗaya kafin wata mota ta ɗauko shi, kuma direban ne ya sha faɗa.