Manoman Sikiliyya A Hannun Sarakunan Norman



Ya 'yan'uwa Musulmi, a kakar da ta wuce, bayan an gama sa gero da dawa a rumbu, muna zaune a zaure a ƙauyenmu na ƙasar Ɗambatta muna bitar farkon Muhtasar na Shaihu Halil, sai muka iso inda ya ambaci malamai huɗu da yake dogara da su, watau Lahmi da Ibn Yunus da Ibn Rushdi da Mazari. Wani ɗalibi, ɗan kasuwa ne mai fataucin gyaɗa, ya tambaye mu ko mutanen ina ne. Muka ce masa biyu daga cikinsu, Ibn Yunus da Mazari, ana jingina su ga tsibirin Sikiliyya, wanda Turawa ke kira Sisili, a ƙasar Italiya ta yau. Ya riƙe baki ya ce, "Ashe Malam an taɓa yin Musulunci a can?" To, wannan tambaya ita ce sanadin maƙalarmu ta wannan mako.

An yi, har ma wanda ya jagoranci buɗe tsibirin a shekara ta 827 Miladiyya alƙali ne, Asad ibn Furat, almajirin Imamu Malik, wanda ya taso da runduna daga Ƙairawan. Birnin Balarmu, watau Palermo, ya shiga hannun Musulmi a 831, kuma matafiyin nan Ibn Hauƙal da ya ziyarce shi wajen 973 ya ƙidaya masallatai kamar ɗari uku a cikinsa. Manoman Musulmi suka raya ƙasar da ban-ruwa, suka yaɗa noman auduga da rake da lemu.

Su kuwa mutanen Norman asalinsu mayaƙan teku ne daga can arewacin Turai. A 911 sarkin Faransa ya yanka wa shugabansu Rollo ƙasa, wadda ake kira Normandi, suka karɓi addinin Nasara. Wani reshe nasu a ƙarƙashin Wiliyam ya ci Ingila a 1066. Wani reshen kuma, 'ya'yan gidan Hautebil, suka gangara kudancin Italiya suna yaƙin haya, har suka zama masu ƙasa. Manyansu biyu su ne Robat Giskar da ƙanensa Roja, wanda Larabawa ke kira Rujar.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A wannan zamani Musulmin Sikiliyya sun rarrabu, kowane amiri da garinsa. Biyu daga cikinsu, Ibn Sumna da surukinsa Ibn Hawwas, suka yi faɗa, wanda aka kayar, watau Ibn Sumna, ya haye teku ya gayyato Rujar. Suka ci Masina a 1061, suka ci Balarmu a 1072, gari na ƙarshe, Noto, ya miƙa wuya a 1091. Shekara talatin ke nan cur.

Abin mamaki, waɗannan sarakuna ba su rushe abin da suka tarar nan take ba. Rujar na Biyu, wanda aka naɗa sarki a 1130, ya riƙe diwani na Larabci, ya buga kuɗi da rubutun Larabci, har alkyabbarsa, wadda take ajiye a birnin Biyana, tana ɗauke da rubutun Kufi da shekarar Hijira ta 528. Shi ne ya jawo Sharif Idrisi mutumin Sabta, wanda ya gama masa littafin Nuzhatul Mushtaƙ a 1154, inda ya bayyana ƙasashen duniya, har da Gana da Takrur da Kaukau da Kanem na ƙasarmu ta Sudan. A daidai wannan zamani, bisa ga Tarihin Kano, Sarki Gijimasu yake fara ginin ganuwa. Alƙalan Musulmi ma an bar su suna shari'a tsakanin 'yan'uwansu, har aka tambayi Imamu Mazari, wanda ya rasu a Mahdiyya a 1141, ko hukuncin alƙalin da sarkin Nasara ya naɗa yana zartuwa, ya ba da fatawa cewa yana zartuwa saboda larurar jama'a. Dattawanmu da suka ga shigar Turawa Kano a 1903, aka bar sarauta da alƙalanci suna aiki, ba za su ji wannan labari baƙo ba.

Marubuta da yawa a nan suke tsayawa su yi ta yabo. Mu kuwa muna so mu fita daga fada mu shiga gona, domin a can ne maganar take. Manomin Musulmi a ƙarƙashin Norman jiziya yake biya, kuma an rubuta sunansa a wata takarda da ake kira jarida, an ɗaure shi da gonar da yake nomawa. Idan sarki ya yi kyautar ƙasa ga wani barde ko wata majami'a, sai a miƙa ta tare da jerin sunayen mutanen da ke kanta. Sarki Wiliyam na Biyu ya ba majami'ar Monriyale wani yanki babba na yammacin tsibirin, kuma tsakanin 1178 da 1183 aka rubuta mata iyakokin gonakin da sunayen manoman. Takardun suna nan har yau. Da wane harshe aka rubuta su? Da Larabci, tare da Girkanci ko Latin. Wa ya rubuta? Ma'aikatan diwani, masu kyakkyawan hannu, waɗanda sarki ya girmama, ya tufasar, ya ciyar.

Ibn Jubair na Andalus, da jirginsu ya fashe a Masina yana dawowa daga Hajji a ƙarshen 1184, ya ga fuskokin nan biyu. Ya ga sarki mai karanta Larabci, fadarsa cike da hadimai masu ɓoye Musuluncinsu. Ya kuma tarar an hana huɗubar Juma'a a Balarmu. A garin Tarabani ya ba da labarin wani dattijo da ya roƙi ɗaya daga cikin alhazai ya auri 'yarsa ƙarama ya tafi da ita ƙasar Musulmi, ya gwammace rabuwa da ita har abada da ta zauna a rinjaye ta. Duk mai 'ya ya tsaya ya auna nauyin wannan.

Zanen aro ba ya rufe katara. Darajar da ke rataye ga son sarki, ranar da sarki ya kau ita ma ta kau. An karkashe Musulmi a Balarmu a 1161, aka sāke a 1189 da Wiliyam na Biyu ya mutu bai bar ɗa ba. Sarautar gidan Norman ta ƙare a 1194. Sarki Fardarik na Biyu ya kwashe sauran Musulmin zuwa garin Lucera a cikin Italiya, daga wajen 1223 zuwa 1246, kuma a 1300 aka rushe wannan zango aka sayar da mutanensa bayi. Kamar shekara hamsin bayan haka, a zamanin Sarki Yaji, Wangarawa suka iso Kano da littattafan mazhabar Malik. Allah yana ba da addininsa ga wanda ya so, yana kuma karɓewa.

To, jama'a, mene ne rabonmu a cikin wannan? A nan arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Ɗambatta, Bichi da Kunci, babu daji. Gona na jikin gona, kowace shekara ana noma ta, taki ne kaɗai ke riƙe da ita, kuma duk rabon gado tana ƙara tsukewa. Wanda ya rasa 'yar gonarsa a nan ba shi da wani kurmi da zai sara. Sai ya kwashi iyali ya nufi birni, makarantar allon ƙauye ta rasa yara biyar, sahun masallaci ya ragu. Ba mu ce akwai Norman a bakin ƙofa ba. Amma hanyar da ake raba talaka da ƙasarsa ba ta sāke ba: takarda ce da alƙalami da hatimi.

Ya kai ma'aikaci da takardar fili ke biyowa ta teburinka, tun daga ofishin ƙaramar hukuma har zuwa babban ofishi, ka sani ranar da ka sa hannu a kan gonar marayu domin wani mai ƙarfi, ka zauna a kujerar marubucin jarida, kome kyan rawaninka. Ya kai ɗan kasuwa da ke jiran damina ta tsananta, rumbu ya ƙare, sa'an nan ka karɓi gonar maƙwabcinka jingina ka ci amfaninta shekara da shekaru, ka tambayi malamai hukuncin bashin da ya jawo riba, domin mazhabarmu ba ta yi shiru a kansa ba. Idan Allah ya ɗaukaka ka, ka duba ko ɗaukakarka ta kāre wani a ƙauyenku. Idan ba ta kāre kowa ba, to, irin ta hadiman fadar Balarmu ce.

Ɗalibinmu ya ce zai koma ya dubi wata gona da ke hannunsa jingina tun shekara huɗu. Mun yi masa addu'a. Allah ya ba mu ikon tsare amana, ya bar mu da gonakinmu da makarantunmu da masallatanmu. Wallahu a'alamu.