Wayo Daban, Hangen Nesa Daban

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin ƴan siyasarmu da ƴan korensu. Da zarar ka tambayi dalilin da ya sa jagora ya yanke wata shawara mai hatsari, sai a kada baki a ce maka: "Ai shi mutum ne mai basira, yana ganin abin da ba ka gani." Wasu har su ƙara da cewa baiwa ce Allah ya ba shi, ko kuma akwai malamin da ke kwana yana duba masa. Da wannan magana ake rufe bakin mai tambaya, da ita kuma aka sha kai ƙasar nan bakin rami. Mu a namu gani, abin da ake yi wa kirari da sunan basira sau da yawa wayo ne kawai. Mai wayo ya san yadda zai ka da abokin hamayyarsa yau, amma mai hangen nesa shi ne wanda ke tambayar kansa a wane hali ƙasa za ta kwana bayan an yi kayen.

Ba sai mun je ƙasar kowa neman misali ba. A zaɓen ƴan majalisa na watan Fabrairun 1993, kujeru 83 aka yi takara a kansu. MNSD-Nassara ta samu 29, ƙawancen AFC kuwa ya haɗa 50, kuma 13 daga ciki na PNDS-Tarayya ne. Da wannan ƙawance Mahamman Usman ya ka da Tanja Mamadu a zagaye na biyu cikin watan Maris, Mahamadu Isufu ya zama firaminista, Mumuni Adamu Jarmakwai ya riƙe majalisa. Lissafin a fili yake, ko yaron kanti zai iya yin sa: sai da kujera 42 ake samun rinjaye, in ka cire 13 daga 50 kuwa, 37 ke saura. Duk da haka, a watan Satumban 1994 fadar shugaban ƙasa ta fitar da dokar da ta rage wa firaminista iko. Isufu ya ajiye aiki, jam'iyyarsa ta koma wajen MNSD, rinjaye ya bi ta. Majalisa ta ka da gwamnatin Sule Abdullahi, shugaban ƙasa ya rusa majalisar cikin Oktoba, da fatan talakawa za su mayar masa da abin da ya saki da hannunsa. Zaɓen 12 ga Janairun 1995 ya ba ƴan adawa kujeru 43, ɓangaren shugaban ƙasa ya tashi da 40.

Kada wani ya ɗauka gefe guda muke zargi, domin waɗanda suka ci wannan zaɓe ba su fi wanda suka kayar hange ba. Hama Amadu ya zama firaminista a Fabrairun 1995, Isufu ya hau kujerar shugaban majalisa, aka shiga zaman doya da manja na kusan shekara guda. Shugaban ƙasa ya ƙi zaman majalisar ministoci, firaminista ya yi zama ba tare da shi ba, aka yi ta kai-komo a kan wa zai naɗa shugabannin kamfanonin gwamnati, alhali ma'aikata na bin bashin albashin watanni. Kowane ɓangare ya zaci saura ƙiris ya gama da ɗaya. Ranar 27 ga Janairun 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kwashe su duka daga kan kujeru, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan zaɓen Yulin 1996, wanda aka rusa hukumar zaɓe ana tsakar aikinsa, sai ga mutanen da suka kasa zama ɗaki ɗaya sun haɗu cikin ƙawancen FRDD. Haɗin kan da zai iya ceton jamhuriya ta uku a 1995, a kan kabarinta aka yi shi.

To, jama'a, me ya rasu? Cikin mutanen nan babu jahili, babu dolo. Akwai masanin tattalin arziki, akwai injiniyan ma'adinai, akwai tsohon hafsan soja, akwai wanda ya goge da aikin hukuma tun zamanin Seyni Kunce. Abin da suka rasa tambaya ce ɗaya tak, wadda kowane gwanin dara yake yi kafin ya ɗaga ɗa: in na yi wannan, shi me zai yi, in ya yi kuma ni ina na dosa? Sabon shiga, da ya hango inda zai jera uku ya ci, sai jikinsa ya ɗauki rawa, bai lura da cewa cin nan ya buɗe wa abokin wasa ƙofa biyu ba. Ƴan siyasarmu ma sun manta da wani abu da ya fi wannan: akwai mutum na uku tsaye a kansu da bindiga, wanda ba ya bin dokar dara, yana iya sa ƙafa ya shafe gurabun baki ɗaya.

Ba muna musun cewa akwai basira ba. Duk wanda ya zauna da tsohon ɗan kasuwa a Maraɗi ko Damagaram ya ga abin mamaki. Mutum ne da bai taɓa shiga lakwal ba, amma zai zaga kasuwar hatsi sau ɗaya, ya ji kuɗin tiya, ya dubi yawan jakunan da suka shigo daga karkara, ya tambayi yadda aka canza naira a Jibiya, sannan ya ce wa yaransa kada a sayar da ko buhu ɗaya wannan mako. In ka tambaye shi dalili, sai ya ce jikinsa ne ya ba shi. Gaskiya ya faɗa, amma jikin nan shekara talatin ya yi yana cin riba yana shan hasara, kuma bai manta da hasara ko ɗaya ba. Basirarsa lissafi ne da ya yi ta maimaitawa har ya zauna masa a jiki. Wanda bai yi wannan wahala ba, in ya ce jikinsa ya ba shi, son zuciyarsa ne ke masa magana.

Ku tuna karyewar darajar sefa. Tun watan Agustan 1993 babban bankin BCEAO ya daina karɓar takardun kuɗin da aka fitar wajen ƙasashen sefa. A watan Satumba gwamnatin Balladur a Faransa ta ce ba sauran tallafin kasafi ga ƙasar da ba ta daidaita da asusun FMI ba. Ranar 7 ga Disamba Houphouët-Boigny na Kodebuwa, wanda ya daɗe yana tare wannan mataki, ya rasu. Alama uku ke nan cikin wata biyar, kuma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ranar 11 ga Janairun 1994 aka sanar a Dakar cewa faran ɗaya na Faransa ya tashi daga dala goma zuwa dala ashirin, wato daga sefa 50 zuwa 100. Ɗan kasuwar da ke da bashin kaya a Turai ya wayi gari bashinsa ya ninka, ma'aikaci ya tarar albashinsa na nan inda yake, kuɗin magani da kayan waje sun yi tashin gwauron zabo. A shekarar da ƙasa ta fi bukatar gwamnati mai ƙafa biyu a ƙasa, a cikinta ne jagororinmu suka wargaza ƙawancensu.

Hangen nesa koyonsa ake yi, kuma makarantarsa ba ta da daɗi. Jagoran da ke son sa sai ya saba wa kansa da ƙirga ƙarfinsa da na abokin hamayya kafin faɗa, kamar yadda mai kamiyo ke duba mai da taya tun bai bar tasha ba, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sai ya riƙa komawa kan shawarwarin da ya yanke bara, ya auna abin da ya zata da abin da ya faru, ya amsa kuskurensa ko da a cikin ɗakinsa ne. Sai ya bar kunnensa a kasuwa da tasha da biro, inda labari ke isa kafin ya isa fada. Mafi wuya duka, sai ya ajiye kusa da shi mutum biyu ko uku da za su iya ce masa "Ranka ya daɗe, wannan ba daidai ba ne," kuma su kwana da muƙaminsu. Fadar da kowa ke cewa "haka ne" makauniya ce, ko da mai ita ya fi kowa ido.

Za a ce mana ba mu yi musu adalci ba: baitulmali fanko suka gada, kuɗin uraniyum ya faɗi tun farkon shekarun 1980, tawaye na ci a arewa, masu ba da bashi sun shaƙe wuya, kundin tsarin mulkin Disamban 1992 kuma bai fayyace iyakar ikon shugaban ƙasa da na firaminista ba. Duk mun yarda. Amma wannan hujja a kansu take komawa. Mai rumbu cike yana iya yin ɓarna ya tsira, mai tiya ɗaya kuwa dole ya auna kowane tafin hannu. Wanda ya san gidansa na kara ne, shi ya fi kowa cancantar ya hana wasa da wuta a tsakar gida.

Abin takaici, darasin bai zauna ba. Tanja Mamadu yana cikin hafsoshin da suka karɓi mulki a 1974, ya kuma ga abin da ya faru a 1996 da idonsa, ya ga ƙarshen Ba'are a filin jirgin Yamai ranar 9 ga Afrilun 1999. Da wa'adinsa na biyu ya kusa cika a 2009, masu kiran tazarce suka kewaye shi. Ya rusa majalisa a Mayu, ya rusa kotun tsarin mulki a Yuni, ya shirya ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta don ƙarin shekara uku. Kowane mataki ya ci, maroƙa suna cewa babu mai dabararsa. Ranar 18 ga Fabrairun 2010 sojojin Salu Jibo suka ɗauke shi daga fada, shekara ukun ta tsaya a wata biyu. Kotun da majalisar da ya kawar su ne masu ce masa bari, kuma wanda bai ji bari ba zai ji hoho.

A ƙarshe, ku ƴan kasuwa da ma'aikata, laifin bai tsaya a fada ba. Mu ne muke tafa wa mai wayo, mu ce wane ya iya siyasa don ya yaudari abokin tafiyarsa, alhali babu ɗayanmu da zai ba irin wannan mutum ajiyar makullin kantinsa ko hatimin ofishinsa. Duk wanda ya zo neman amanarku, ko da riga ya zo ko da kaki, ku yi masa tambayar da kuke yi wa yaron da ke neman jari: in abin bai tafi yadda ka zata ba, me ka tanada? In ya amsa da lissafi, ku saurare shi. In ya ce ku dai ku yarda da basirarsa, ku riƙe jakarku da kyau. Allah ya ba mu shugabanni masu tunanin gobe, ya ba mu idon gane su.