A Saurari Ma'aikaci Kafin A Ɓata Masa Suna

Hausawa na cewa mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa. Ma'aikacin gwamnati da aka kora bisa zargin sata ko cin amana ya rasa albashi, ya kuma rasa sunan da zai nemi abinci da shi. Duk kamfanin da ya je neman aiki, takardar korarsa ta riga shi isa.

Nijeriya ta daɗe da sanin wannan ciwo. A shekarar 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta sallami ma'aikata fiye da 10,000, akasarinsu ba tare da an ji ta bakinsu ba, aka haɗa mai laifi da marar laifi. A 1984 kuma Dokar Soja mai lamba 17 ta hana kotuna sauraren ƙarar waɗanda aka kora a ƙarƙashinta.

Yau Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi bisa adalci, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa kuma tana duba irin waɗannan ƙararraki. Sai dai shari'a na da jinkiri. Malamai 49 da Jami'ar Ilorin ta kora a 2001 sai a 2009 Kotun Ƙoli ta ba da umurnin a mayar da su aiki, a kuma biya su haƙƙoƙinsu na baya. Kuɗin jama'a ne aka biya, alhali ɗalibai sun yi shekara 8 ba su amfana da malaman ba.

'Yan kasuwa ma abin ya shafe su. Su ke ɗaukar tsofaffin ma'aikata aiki, su ba su bashin kaya, su tsaya musu a banki. Idan ana kora ba bincike, takardar kora ba za ta bambance musu ɓarawo da wanda aka zalunta ba.

Saboda haka wajibi ne hukumomi su ba ma'aikaci tuhumarsa a rubuce, su ba shi lokacin kare kansa gaban kwamitin da mai tuhumarsa ba ya ciki. Wanda aka samu da laifi a hukunta shi. Wanda aka wanke kuwa a cire zargin daga fayil ɗinsa, a buga sanarwar wanke shi a inda aka buga ta korarsa.