Hoto ɗaya tak: darasin Saidu Keita

A yau da wuya ka sami aljihun da babu salula mai ɗaukar hoto a cikinsa. Ɗan kasuwa a Maraɗi yakan ɗauki turmin atamfa ya aika wa mai saye a Agadas ta WhatsApp, ma'aikaci kuma ya ɗauki bikin buɗe rijiya ya sa cikin rahoto. Sai dai sau da yawa atamfar takan fito dishi-dishi, fuska ta dushe, ko kuwa a ga sandar lantarki ta tsiro bisa kan prefe. Ciniki ya lalace, rahoto ya zama abin dariya, alhali na'urar lafiyarta lau. Tsari ne babu.

Mu ɗauki darasi daga Bamako. A shekarar 1948 Saidu Keita ya buɗe gidan hotonsa a can, ya yi ta aiki a tsakar gida da hasken rana har farkon shekarun 1960, lokacin da ya koma ɗaukar wa gwamnatin Mali hoto. Saboda tsadar fim, galibi sau ɗaya yake ɗaukar mutum. Wanda ke da harsashi guda kuwa, ba ya harbi sai ya saita.

Abu na farko da yake saitawa shi ne bayan mutum. Da zanen shimfiɗar gadonsa ya fara, daga bisani ya riƙa rataya yadi mai zane, yadda ido ba zai sami tarkacen da zai ɗauke shi daga fuska ba. Kai ma kafin ka danna, dubi kusurwa huɗu na hotonka: bokiti, igiyar shanya, yaro mai leƙe, duk a kawar.

Na biyu, haske. Na'ura tana auna hasken wuri gaba ɗaya. Idan akwai farin bango ko sararin sama bayan mutum, sai ta rage haske, fuska ta yi duhu. Ranar tsaka kuma tana jefa inuwa cikin kwarmin ido. Inuwar rumfa, ko sassafe, ko la'asar sakaliya, su ne ke fito da launin fata da na tufa yadda suke.

Na uku, tsayuwa. Keita yakan karkatar da kafaɗar mutum kaɗan, ya gyara masa hannuwa, ya ba shi rediyo, agogo ko babur Vespa, ya ajiye abin a gefen da zai daidaita nauyin hoton. Layi mai karkata yana sa hoto rai. Dubi hoton nan mai suna "Daren Kirsimeti" da Malik Sidibe ya ɗauka a 1963: saurayi da budurwa na rawa, sun sunkuyo da kawunansu kamar za su haɗu, nan take ido ya faɗa inda goshinsu ya kusanci juna. A 2007 Sidibe ya karɓi lambar Zakin Zinariya a Benis ta Italiya.

Na huɗu, rabon fili. Malaman hoto suna raba shi da layi biyu a tsaye, biyu a kwance, ya zama gida tara, a ɗora idanun mutum bisa layin sama. Yawancin saluloli suna iya nuna layukan nan. Shawara ce ga mai koyo. Keita kansa sau da dama a tsakiya yake zaunar da mutum.

Keita ya rasu a Paris a 2001, amma waɗanda suka zauna gabansa har yau suna kallon duniya da mutuncinsu. Jikokinmu ma da hotunan da muke ɗauka yanzu za su san mu. Dakata minti ɗaya kafin ka danna. Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.