Gasket ba ya ƙonewa haka kawai

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40, duk mai bin hanyar Droum zuwa birnin Zinder ya saba ganin mota a gefen hanya, an ɗaga bonet, tururi na tashi, yaron mota na yawon neman ruwa da jarka. Hukuncin da ake yankewa nan take ɗaya ne: gasket ya ƙone. Sai a ja ta gareji, a kwance kan inji, a sayo sabo a ɗaura. Bayan 'yan makonni ta sake tafasa, sai a ce jabu aka sayo. Jabun kaya akwai shi a kasuwa, ba a musu. Amma a yawancin lokuta an bar jaki ne ana dukan taiki. Wani abu ne ya kashe gasket ɗin farko, kuma yana nan cikin motar yana jiran na biyu. Abin da ya sa ba a nemo shi, a ganina, shi ne yadda muke biyan bakanike: muna biyan kayan da ya canza, ba ma biyan awon da ya yi.

Motocin da ke jigilar gero da wake da dabbobi a yankin Mirya sun sauya, gyaranmu bai sauya ba. Tsohuwar Land Cruiser mai injin 1HZ da HiAce mai 5L ba su da turbo, kan injinsu baƙin ƙarfe ne mai kauri, shi ya sa suke jure sakaci. Hilux da HiAce masu injin 2KD, da Prado mai 1KZ, wani jinsi ne daban. Turbo yana amfani da hayaƙin salansa ya juya fanka, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin silinda, a ƙona ƙarin gazuwal, ƙaramin inji ya ba da ƙarfin babba. Wannan ƙarfin ba kyauta ba ne: matsin da ke cikin silinda yakan zarce bar 100, zafin ma haka yake ƙaruwa. Ga shi kan waɗannan injuna na alminiyam ne, an ɗaure shi bisa gangar baƙin ƙarfe, kuma alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen. Gasket shi ne siririn faifan da ke tsakaninsu, aikinsa ya raba wuta da ruwa da baƙin mai. In inji ya tafasa sosai ko da sau ɗaya, kan yana iya lanƙwasa ko ya tsage, kuma daga nan ko gasket ɗin kamfanin Toyota aka ɗaura ba zai zauna ba.

Tun daga gano ciwon ake yin kuskure. Farin hayaƙi, raguwar ruwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, baƙin mai da ya koma fari-fari, kumfa a bakin lagireto, tiyon da ke yin tauri jim kaɗan bayan an tayar da inji mai sanyi: duk alamu ne na gasket, amma a injin turbo ba shi kaɗai ke kawo su ba. Na'urar sanyaya baƙin mai in ta huje tana haɗa mai da ruwa. Turbo da ya ci kansa yana zuba mai a salansa ya yi hayaƙi. A motocin da ke da na'urar sanyaya hayaƙin da ake mayarwa cikin inji, tsagewarta tana shanye ruwa a ɓoye. Akwai gwaje-gwajen da ke raba gardama kafin a taɓa noti ko ɗaya. Ana matsa iska a lagireto da ƙaramin famfo a ga ko matsin zai sauka. Ana ɗora kwalba mai shuɗin ruwa a bakin lagireto, in hayaƙin silinda na shiga ruwan inji sai launin ya juya kore ko rawaya. Ana kuma auna matsin kowace silinda. Bakaniken da ya buɗe kan inji bai yi ko ɗaya daga cikinsu ba, caca yake yi da kuɗin wani.

In an tabbatar gasket ne, sai tambayar da aka fi tsallakewa: me ya tafasa injin? Amsoshin a fili suke a kowane gareji. Ana cire tamostat a jefar, wai na ƙasashen sanyi ne. Alhali a injuna da yawa, tamostat in ya buɗe a wajen digiri 80 yana kuma toshe wata gajeriyar hanya, ya tilasta wa ruwa bi ta lagireto. In babu shi, wani kaso na ruwan zafi sai ya riƙa kewayawa cikin inji bai je ya huce ba. Ana zuba ruwan rijiya ko na tabki, gishirinsa ya daskare ya toshe ƙananan bututun lagireto, tsatsa ta cinye famfon ruwa. Murfin lagireto, wanda mutane ke ɗauka marufi ne kawai, shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. In robarsa ta mutu, ruwan zai tafasa a 100 ko ƙasa da haka. A ƙara da ƙurar hunturu da ƙaiƙayi da ke liƙe fuskar lagireto, da lodin da ya ninka abin da aka ƙera motar ta ɗauka, a cikin yashi, da rana tsaka. Direba kuma yana ganin allura ta hau, ya ce bari mu ƙarasa kasuwa.

Aikin kansa na ma'auni ne. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar kan inji a zura siraran ma'aunai. Lanƙwasar da littattafan kamfani ke yarda da ita a injuna da yawa tana tsakanin milimita 0.05 da 0.15, abin da ido ba ya gani, balle shafawa da hannu. Gasket ɗin injin gazuwal kauri-kauri ne, ana zaɓensa gwargwadon yadda fistin ya leƙo sama da ganga. Notukan kan kuwa ana ɗaure su bi da bi daga tsakiya zuwa gefe da sufana mai awo, sannan a ƙara juyi na digiri 90 kamar yadda littafin ya ce. Suna miƙewa a wannan ɗauri, don haka sai an auna tsohon noti kafin a mayar da shi.

Za a ce wannan zancen masu kuɗi ne. Mai mota a Droum da ke ciyar da gida da lodin kasuwannin ƙauye ba zai ajiye ta mako guda ana kai kan inji Zinder, ko a aika Kofar Ruwa a Kano neman sabo ba. Wannan gaskiya ce, kuma ba ƙaramar hujja ba ce. Sai dai lissafin bai tsaya a makon farko ba. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da rufe iyakar Benin da ya biyo baya, kayan da ke shigowa ta Kwatano sun koma zagaye ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa da tsada. A irin wannan lokaci, mai ƙaramin ƙarfi ne ya fi kowa rashin halin yin gyara sau biyu. Kuma gasket da ke yoyo ba ya tsayawa inda yake: ruwa in ya taru a silinda, ranar da aka murza makulli yana iya lanƙwasa sandar fistin, a koma neman inji sukutum. Haka batun ruwan kulan da ake zuba wa lagireto: masu cewa don ƙanƙara aka yi shi sun san rabin aikinsa ne. Ɗaya rabin shi ne hana tsatsa cin alminiyam, kuma tsatsa ba ta san yanayin gari ba.

Za a kuma ce kanikawanmu sun daɗe suna raya matattun motoci da hannu da kunne. Haka ne, kuma ƙwarewar da ta riƙe motocin ƙasar nan shekara da shekaru ba abin rainawa ba ce. Amma ba rashin basira ke hana su awo ba. Bakanike ya sani sarai, in ya ɓata awa biyu yana gwaji ya ce wa mai mota murfin lagireto ne kawai, za a miƙa masa na goro a tafi. In ya kwance kan inji, ya samu aikin kwana biyu. Mu muka koya masa hakan.

Saboda haka ƙungiyoyin kanikawa na Zinder su tsayar da kuɗin bincike daban da kuɗin gyara, su haɗa hannu su sayi famfon gwaji da sufana mai awo da gareji uku ko huɗu za su riƙa aro. Asusun FAFPA mai tallafa wa horon sana'a da cibiyoyin koyon sana'a su sa awon injin turbo cikin abin da ake koya wa yaran gareji. Kai kuma mai mota, in an ce maka gasket ya ƙone, ka tambayi gwajin da aka yi da abin da ya tafasa injin, ka biya kuɗin amsar kafin ka ba da kuɗin kaya.